Yadda ake kula da dakshund a Jidda, daga zaɓen iyaye har ranar raba 'yan kwikwiyo

Shekara tara na yi ina aiki a wani asibitin dabbobi a arewacin Jidda. Ni ba likita ba ne. Ni ne mai riƙe kare a kan tebur, mai wanke keji, mai kwana da marasa lafiya, har dai likitan ya yarda da hannuna ya fara bar mini awon zafi da wankin ciwo. Cikin karnukan da suka bi ta hannuna babu wanda ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi, kamar ɗan guntun nan mai dogon baya da gajerun ƙafafu da ake kira dakshund. Ranar da kawuna ya biyo ta wurin aikin ya gan shi, tsayawa ya yi ya riƙe haɓa ya ce, "Kai ɗan nan, wannan kare ne, ko damo ne aka liƙa wa kunnuwa?"

'Yan uwanmu da yawa suna gadi a istirahohi, wato gidajen shaƙatawa, da gonakin bayan gari, wasu ta wajen Usfan, wasu a kan hanyar Ɗa'if, wasu kuma direbobi ne a gidajen Turawa, kuma su ake bar wa karen idan masu gida sun tafi hutun bazara. Kwanan nan na fara jin wata sabuwar magana a majalisa, wai kwikwiyon yana kuɗi a intanet, me zai hana a samo mace da namiji a haɗa? Haɗawa ba ta da wuya, kare ba ya buƙatar dillali. Wuyar tana zuwa ne bayan shekara huɗu ko biyar, a gidan wani wanda ba ka ma tuna fuskarsa, ranar da karen da ka sayar masa ya wayi gari yana jan ƙafafun baya a kan tayil.

Asalinsa Jamus ne. Sunan ma da Jamusanci ma'anarsa karen dage, domin an yi kiwonsa ne don ya kutsa ramin wata dabba mai kama da dagen da muka sani, ya tsare ta da haushi a ƙarƙashin ƙasa har mafarauci ya haƙo. Shi ya sa tafukan gabansa suke da faɗi kamar fartanya, ƙirjinsa yake da zurfi, muryarsa kuma ta fi jikinsa nesa ba kusa ba. Ƙungiyar masu kiwonsa a Jamus tun 1888 take, kuma har yau a can ana fita da shi daji bin sawun jinin dabbar da aka harba. Babbansa yakan kai kilo 7 zuwa 14, ƙaramin bai wuce kilo 5 ba, Jamusawa kuma suna da na uku, ɗan mitsitsi na ramin zomo. Gashin iri uku ne: gajere mai sheƙi, dogo mai laushi, da mai kaushi da ɗan gemu. Wanda ya saba da salukin Larabawa kada ya yi wa wannan kallon abin wasa. Saluki da ido da gudu yake farauta, shi kuwa da hanci da taurin kai. Sake shi a gona, ɓeraye za su san an yi baƙo, shukar maigida ma za ta sani, don haƙa a jininsa take.

Hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, aya ta 4 a Suratul Ma'ida kuma ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo. Kuɗin kare kuwa akwai hadisin hani a kai, malamai kuma sun yi saɓani game da na farauta, don haka mai lissafin riba ya fara biyawa ta wurin malaminsa kafin ya zo wurin likita. Shigo da kare ƙasar nan kuma sai da izinin Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma, farauta ma tana da lasisinta da lokacinta.

Ka fara fahimtar bayan

Tsakanin kowace gaɓa da 'yar uwarta a ƙashin baya akwai wani ɗan matashi, wajensa guringuntsi mai tauri, cikinsa mai laushi kamar ɗanyen dabino. Shi ke shanye jijjiga. A yawancin karnuka sai tsufa yake bushewa. A dakshund kuwa tun yana ɗan shekara ɗaya ko biyu cikin yake fara ƙafewa, ya yi tauri kamar alli, kuma wata rana ya fashe ya tunkuɗa sama ya danne laka. Daga nan sai ciwo, ko shanyewar ƙafafu. Kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na wannan jinsi yana gamuwa da abin a rayuwarsa, galibi tsakanin shekara uku da bakwai. A 2017 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka gano ƙwayar gadon da ke haddasa wannan ƙafewa da wuri, ita ce kuma take da hannu a gajartar ƙafar. Ke nan tsawon bayan ba shi kaɗai ne mai laifi ba, abin gado ne. Duk matakin da zan kawo, na abinci ne ko na barbara, a ƙarshe wurin wannan ɗan matashin yake komawa.

Kulawar yau da kullum

Ka mallaki sikeli kafin ka mallaki komai. Kowane wata ka ɗauke shi ka hau, ka sauke shi ka sake hawa, ka cire, ka rubuta. Ka shafa gefensa: haƙarƙari ya ji a hannunka kamar yadda kake jin ƙasusuwan bayan hannunka, ba sai ka danna ba. Ka tsaya a kansa ka duba, ya zama akwai ƙugu. Idan ya zama kamar buhun shinkafa daga wuya har wutsiya, ka rage abinci yau, ba gobe ba. Kilo ɗaya a jikin kare mai kilo biyar daidai yake da kilo goma sha huɗu a jikin mutum mai kilo saba'in, kuma wannan nauyin a tsakiyar dogon bayan nan yake rataye.

A gidajen nan abinci ba ya ƙarewa a faranti, kuma nan ne ɓarnar take. Ragowar kabsa, shinkafar nan ta Larabawa da nama, ba abincinsa ba ce. Albasar da ke ciki tana farfasa ƙwayoyin jininsa, zabibin da ake barbaɗawa a sama yana iya kashe ƙoda. Cakulan da gahawa guba ne gare shi. Ƙwallon dabino yana toshe hanjin ƙaramin kare, mun sha ciro shi da tiyata, dafaffen ƙashin kaza kuma tsagewa yake kamar tsinke. A ba shi abincin karnuka da awo, safe da yamma, ruwa kuma kada ya yanke. Zai zauna ya zuba maka ido kamar maraya. Ƙarya yake, ya ƙoshi.

Ɗaukarsa da hannu biyu ne, ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawu, bayan a miƙe kamar an ɗauko tire. Kada a ɗaga shi ta hammata a bar rabin jikin yana lilo, kuma a koya wa yaran gida wannan tun ranar farko. Igiyar yawo a ɗaura ta a rigar ƙirji, ba a wuya ba. Tayil da marmara da muke alfahari da su santsi ne a ƙafarsa, sai a shimfiɗa kafet a hanyar da ya fi bi, a riƙa yanke masa farce duk mako biyu ko uku. Inda ya saba dirowa daga bisa, gado ne ko kujera ko bayan motar gona, a sa masa katako mai gangara a lulluɓe shi da guntun kafet.

Amma kada a mai da shi ƙwai. Wani bincike da aka yi a Ingila a 2015 kan dakshund sama da dubu biyu ya nuna waɗanda ke motsa jiki sosai sun fi tsira daga ciwon baya a kan 'yan zaman ɗaki. Tsoka ce ke riƙe ƙashi. Daga bayanan binciken nan kuma aka ga waɗanda aka dandaƙe ko aka cire wa mahaifa kafin su cika shekara sun fi kamuwa, don haka ba a gaggawar wannan aikin a wannan jinsi.

Yawon kuwa a nan sai bayan asuba da bayan isha'i. Ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta, idan ba za ka iya ƙirga bakwai ba, shi ma ba zai iya takawa ba, kuma ka tuna cikinsa bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba, duk hucin a kansa yake ƙarewa. Kare da haki yake fitar da zafi, laimar Jidda kuma ba ta barin hakin ya yi aiki, shi ya sa daren watan Agusta a bakin teku ya fi masa haɗari a kan yammacin Ɗa'if. Idan ya fara haki ba tsayawa, dalala na zuba, yana tangaɗi, a kai shi inuwa a kwarara masa ruwa mai sanyi, a sa fanka, a tafi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a mota. Ba a barinsa a mota a kashe, ko da shiga kanti ne sayen ruwa.

Kaskar karnuka tana zama a tsagar bango, ba sai a daji ba, kuma tana ɗauke da cutar da ke sa zazzaɓi da haɓo da farin dasashi. A riƙa ba da maganin kaska a kan lokaci, a duba tsakanin yatsu da cikin kunne. Kunnuwan nan da suka rufe suna tara laima, a ɗaga su sau ɗaya a mako a shinshina, wari alamar ciwo ne. Haƙora a goge da man goge baki na karnuka.

Ranar da bayan ya motsa

Wata safiya wani dattijo direba, mutumin Makka, ya shigo da wata karya a naɗe cikin tawul. Ya ce, "Ɗana, tun shekaranjiya take jan ƙafa. Na zaci ƙaya ce. Na ba ta rabin maganin ciwon kai, na shafa mata man zafi, Hajiya kuma tana Landan." Likita ya ɗauki almakashin kamu ya matse ƙashin yatsanta na baya da ƙarfi, yana kallon fuskarta. Ba ta juyo ba, ba ta yi ƙara ba, wutsiya ma ba ta motsa ba, ido kawai take bin mu da shi. Likitan ya ajiye ƙarfen a hankali. An yi aikin, amma ba ta sake takawa ba, a keken taya biyu ta ƙarasa rayuwarta. Dattijon nan ba mugu ba ne, babu dai wanda ya taɓa gaya masa.

Alamun farko ba su da hayaniya. Kare ya ƙi hawa inda ya saba hawa, ya gantsare baya sama kamar mai ciwon ciki, yana rawar jiki, ya yi ƙara idan an ɗauke shi, ko ya riƙa taka bayan tafinsa maimakon cikinsa. Da ka ga haka ka sa shi a ƙaramin keji inda ba zai iya tsalle ba, ka ɗauki kejin gaba ɗaya zuwa asibiti. Kada a matsa bayan, kada a ja, kada a kai wa mai ɗori. Kada a ba shi maganin mutane, ibufurofen yana huda cikin kare ya taɓa ƙoda, kuma duk abin da ya ɓoye ciwon zai sa ya tashi ya ƙarasa fasa abin da ya tsage. Idan har yana takawa, sau da yawa magani da zaman keji na mako huɗu zuwa shida sun isa, amma zaman na gaske, fitsari kawai ke fitar da shi, a igiya. Koma-baya yakan faru ne lokacin da ya ji sauƙi aka tausaya masa aka buɗe ƙofa. Idan kuwa ƙafafun sun mutu, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba da saninsa ba, lissafin na awoyi ne, a nemi asibitin da ke ɗaukar hoton laka yana tiyatar baya. Ka san inda yake tun kafin ranar, ka ajiye lambar a waya.

Zaɓen iyaye

Nan ne mai son kiwo zai nuna ko da gaske yake. Mataki na farko tambaya ce. Uwar wannan karya tana ina, shekarunta nawa, tana tafiya da ƙafafunta? Uban fa, da kakanni, da 'yan uwan da aka haifa tare? Idan amsar ita ce "daga waje aka kawo ta" kuma babu takarda, to ka riƙe ta ka kula da ita, amma ba uwar kiwo ba ce. A nan ƙasar karnukan jinsin ba su da yawa, sau da yawa namijin da maƙwabci zai ara maka ɗan uwanta ne ba ku sani ba. Ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ba ta rajistar 'ya'yan uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa. Ba ta karɓar fiye da haihuwa huɗu daga karya ɗaya, ko daga wadda ta haura shekara takwas, ko wadda aka riga aka yi wa fiɗa sau biyu. Wannan ma'auni ne mai kyau ko da ba ka da niyyar rajista a ko'ina.

Na biyu haƙuri ne, kuma shi ne mutane suka fi ƙi. Karya tana fara neman namiji tun tana wata shida zuwa shekara, amma ba a haɗa ta sai ta cika shekara biyu. Dalili: tsakanin wata 24 da wata 48 ne hoton ƙashi yake nuna matasan bayan da suka ƙafe sosai. Ƙasashen Denmak da Finlan da Nowe sun daɗe suna wannan awo, Ingila ma ta bi sahu. Ana ɗan sa wa kare barci, a ɗauki hoton bayan daga wuya har ƙugu, a ƙirga waɗanda suka ƙafe, su ne ke fitowa farare. Babu ko ɗaya, ko ɗaya zuwa biyu, madalla. Uku zuwa huɗu, sai an haɗa da wanda bayansa yake fes. Biyar zuwa sama, a haƙura, komai kyawun fuska. Mace da namiji duka ake yi wa, kuma a nemi wanda ya saba karanta irin wannan hoton, ko da aika masa za a yi ta intanet. Akwai gwajin ƙwayar gadon da na ambata, sai dai kusan kowane dakshund yana ɗauke da ita, don haka ba za ta raba maka mai kyau da mara kyau ba kamar yadda hoton zai yi.

Na uku launi. Akwai mai dabbare-dabbare, wanda jikinsa kamar an yayyafa masa toka, kuma shi kasuwa ta fi so. Ba a haɗa mai dabbare biyu, ko kusa. Kowane kwikwiyon da za su haifa yana da rabo ɗaya cikin huɗu na gado launin ta ɓangare biyu, kuma irin waɗannan ne ake haifa kurame, ko makafi, ko da ido ɗan ƙanƙani, wani ma babu idon. Wani matashi ya taɓa kawo mana ɗaya, fari sol da ɗigo-ɗigo, ido ɗaya shuɗi, ɗayan kamar ƙwayar wake. Mai sayarwa ya ce masa "nadir" ne, wato ba a cika samun irinsa ba, ya caje shi ninki. Na zagaya bayan kwikwiyon na buga kwanon ƙarfe a ƙasa. Duk karnukan da ke keji suka ɗauki haushi, shi ko kunne bai kaɗa ba. Aka kira mai sayarwa, waya a kashe. A kula kuma, ja ko mai ruwan madara yana iya ɗauke da dabbaren a ɓoye ba a gani, sai gwaji ya tona.

Gwajin ba wuya, auduga ake gogawa a cikin kumatu a aika ɗakin gwaji a Turai ko Amurka. A ƙananan dakshund a nemi na makantar gado da ke cin ganin kare a hankali, a ƙaramin mai gashi mai kaushi kuma a ƙara da na wata farfaɗiya da ake kira Lafora. Mai ɗauke da cutar a ɓoye ana iya haɗa shi da wanda ba ya da ita sam, masu ɗauke biyu ne ba a haɗawa. Daga ƙarshe a ɗebi jinin duka biyun a duba burusela, 'yar uwar wadda mutane ke ɗauka a ɗanyen nonon akuya da raƙumi. Tana sa ɓari, tana kashe haihuwa, tana kuma iya kama mai karɓar haihuwar.

Barbara da ciki

Kafin lokacin ya zo a tabbatar rigakafinta ya cika, an ba ta maganin tsutsa, kuma ba ta da ƙiba. Ka rubuta ranar da ta fara ɗigon jini. Galibi bayan kwana tara ko makamancin haka jinin yake dishewa ta fara tsayawa tana kawar da wutsiya, amma karnuka sun bambanta, awon jini a asibiti ne ke faɗin ranar daidai. Macen ake kai wa namiji, a ɗaki mai sanyi, a kan kafet. Idan suka sarƙe, minti biyar ne ko rabin awa, a riƙe su a hankali kada ta ja shi, kuma kada wani ya kawo ruwa ko sanda. Kowa ya san abin da yaran unguwa ke yi wa karnuka a wannan hali, a dogon bayan nan yana iya zama ajali.

Ciki kwana 63 ne, da ɗan ƙari ko ragi. Wajen kwana 28 na'urar duba ciki za ta tabbatar. Makonni biyar na farko kada a ƙara mata abinci, daga na shida a koma abincin 'yan kwikwiyo, kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana, don ciki ya matse tumbi. Kada a ba ta ƙwayar ƙarin sinadarin ƙashi tana da ciki, yana rikita jikinta ya jawo mata jijjiga lokacin shayarwa. Bayan kwana 55 a ɗauki hoto a ƙirga kawuna. Wannan ƙirgar ita za ta gaya maka daren haihuwa ko an gama ko da saura, kuma idan ɗa ɗaya ne tilo, yakan yi girman da ba zai fito da kansa ba.

Daren haihuwa

Mako guda kafin lokaci a haɗa mata akwati a lungun da iskar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba ta bugawa, gefe ɗaya a gajarce don ta shiga ba tsalle. A fara auna zafinta ta dubura safe da yamma. Na lafiyayyen kare tsakanin digiri 38 da 39 yake. Ranar da ya faɗo wajen 37, haihuwa na cikin awa 24. Za ta ƙi abinci, ta yi ta tonon shimfiɗa, tana haki.

A tanadi tsofaffin tawul, zare, almakashi mai tsabta, da mota mai mai a tanki. Yawanci ita za ta yi komai, ta yage jakar, ta lashe, ta yanke cibiya. Idan ta yi sakaci, kai ka yage jakar daga fuska, ka share hanci da baki, ka goge shi da tawul da ɗan ƙarfi har ya yi kuka, ka ɗaure cibiya nesa da ciki kamar faɗin yatsa biyu ka yanke ta gaba. Ka ƙirga mabiyiya, kowane ɗa da tasa. Abubuwa uku ke sa a tashi likita ko ƙarfe nawa ne: ta yi rabin awa tana yunƙuri mai ƙarfi babu abin da ya fito, ko awa biyu ta wuce tsakanin ɗa da ɗa alhali hoto ya ce da saura, ko koren ruwa ya fito kafin ɗan fari. Wanda ba shi da kuɗin fiɗa a ajiye kada ya fara wannan harka tun farko.

Makonni takwas

Kowane kwikwiyo ya kama nono a ranar farko, don dakashin nan shi ne rigakafinsa na farko, kuma bayan kwana guda hanjinsa ya daina ɗaukarsa. Abin mamaki a ƙasar zafi, sanyi ne ya fi kashe su. Jariri ba ya iya ɗumama kansa, yana son ɗumin wajen digiri 30 a makon farko, mu kuwa mun saba ƙure mukayyif. A rage shi, a rufe rabin akwatin da bargo. Wanda ya yi sanyi ba a ɗura masa madara sai ya ɗumama. A auna kowannensu kullum a sikelin kicin. Ya kamata ya ninka nauyin haihuwarsa cikin kwana goma ko kusa da haka, wanda ya tsaya cak kwana biyu a kai shi a gani. A sa ido kan uwar ma, musamman mako na biyu zuwa na huɗu: idan ta fara rawar jiki, ƙafafu suka sandare, tana haki, wannan jijjigar shayarwa ce, allura take so nan take.

Ido yana buɗewa tsakanin kwana 10 da 14. Maganin tsutsa daga mako biyu, a maimaita duk mako biyu. A mako na huɗu a fara jiƙa musu abinci a faranti mara zurfi. Allurar farko tsakanin mako shida da takwas, a riƙa maimaitawa duk mako uku ko huɗu har su kai mako 16, ta haukan kare kuma daga mako 12. Kafin su kammala ba sa taka inda karnukan titi ke bi, don cutar amai da gudawar jini tana yin watanni a ƙasa, takalmi ma yana shigo da ita. Baƙo ya tuɓe a ƙofa ya wanke hannu, ƙasa kuma a wanke da bilic, kashi ɗaya cikin talatin na ruwa. Amma a cikin gida a bar su su ji ƙarar injin wanki, su ga mai rawani da mai abaya da yara, a riƙa taɓa musu ƙafa da baki da kunne. Dakshund ɗin da bai saba da mutane yana ƙarami ba, cizo yake idan ya girma.

Ba a raba su da uwa kafin mako takwas, ko mai saye ya yi ta kira. Kowanne ya tafi da katin rigakafinsa, da lambar ɗan ƙarfen shaida da likita ke sawa ƙarƙashin fata, da kwafin hoton bayan iyayensa. Kai ma ka yi tambaya kamar mai ba da aure: wa zai kula da shi da rana, bene nawa ne a gidan, ina zai kwana a watan Yuli, an amince da kare a inda suke haya? Sannan tambayar da ta fi kowacce nauyi a ƙasar nan, inda rabin masu sayen baƙi ne: ranar da aiki ya ƙare aka buga maka fita ta ƙarshe, ina karen zai nufa? Mun sha tarar da su ɗaure a ƙofar asibiti da asuba, da kwanon ruwa a gefe. Shiga da kare Tarayyar Turai daga nan sai an ɗebi jininsa aƙalla kwana 30 bayan allurar haukan kare, a gwada a ɗakin gwajin da suka amince da shi, sannan a jira wata uku. Wanda aka ba wa wata guda ya tattara kayansa ba zai cim ma wannan ba, don haka ka sa mai sayen ya yi gwajin tun kwikwiyon yana wata biyar, ya riƙa sabunta allurar kafin ta ƙare, ka kuma rubuta a bayan katin cewa idan tafiyar ta gagara, wurinka za a dawo da shi.